Makunnin rage ƙarfi a amfilifayar jita mai bawul: amfaninsa a ɗaki da wurin taro

"Salama. Ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Tudun Wada, Jos, wani lokaci kuma ana gayyatar mu wasa a bikin aure. Na sayi amfilifaya mai bawul ta hannu, wat 20, a bayanta akwai makunni mai lamba 20, 5 da 1. A gidan haya nake zaune. Ko a wat 1 na sa ta, sai maƙwabta sun ƙwanƙwasa mini ƙofa. A coci kuma in na sa ta a 5, da zarar mai ganguna ya shigo sai sautina ya dagule ya ɓace. Makunnin ne ya lalace? Kuma in na bar ta a wat 1 kullum, bawul ɗin za su fi daɗewa? Wani abokina mai babbar amfilifaya ta wat 100 ya ce shi bawul biyu yake zarewa don rage ƙarfi, ni ma in yi haka?"

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, makunnin nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ka bayyana halin kowace amfilifaya mai bawul ne, wato mai kwalaben gilashin nan da suke ƙarfafa sauti, idan aka rage mata ƙarfi. In na fahimce ka da kyau, abu uku ne ke damunka: me ya sa wat 1 ya yi wa ɗaki yawa, me ya sa wat 5 ya yi wa coci kaɗan, sai kuma abin da wannan ragewa take yi wa lafiyar bawul, har da shawarar abokinka. Tushen duka ɗaya ne. Yawancin masu jita suna ɗaukar makunnin a matsayin abin rage ƙara, alhali babban aikinsa shi ne ya jawo iyakar da sauti yake fara kaushi ya matso da ita kusa. Ƙarar tana raguwa kam, amma ko kusa ba ta kai yadda lambobin suke sa mutum ya zata ba.

Abin da wat yake nufi ga kunne

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Idan ka raba wat gida biyu, desibel 3 kacal ka rage, abin da kunne yake ji a matsayin ɗan sassauci kawai. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ragu da rabi, sai an zaftare kusan desibel 10, wato a raba wat ɗin gida 10. To lissafa da taka: daga 20 zuwa 5 desibel 6 ne, daga 20 zuwa 1 kuma desibel 13. Ke nan wat 1 ya ɗan gaza rabin ƙarar wat 20 ne kawai a kunne, ba kashi 1 cikin 20 ba.

Sai batun lasifika, wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Lasifikar jita mai inci 12 galibi tana fitar da desibel 95 zuwa 100 a tazarar mita 1 idan an ba ta wat 1 tak. Celestion Vintage 30, wadda ake samu a akwatuna da yawa, 100 take bayarwa. Mu ɗauka taka 97 ce. A wat 1 kana da desibel 97, a wat 5 kana da 104, a wat 20 kuma 110. Hirar mutum biyu a ɗaki ba ta wuce kusan desibel 60 ba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ɗauki desibel 85 na awa 8 a matsayin iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 97, minti 30 ke nan a rana. Saboda haka maƙwabtanka da gaskiyarsu, kuma kunnenka ma yana cikin lissafin.

Ƙarar da za ka yi atisaye da ita cikin dare a ɗakin haya, a ce desibel 75 zuwa 77, wat 0.01 kawai take bukata daga irin wannan lasifikar. Shi ya sa wasu kamfanoni suka gangara ƙasa da wat 1. Orange Rocker 15 tana da 15, 7, 1 da 0.5. Marshall DSL1 tana da 1 da 0.1. Bugera V5 tana da 5, 1 da 0.1. Ko wannan 0.1 ɗin, in aka matsa masa har ƙurewa, desibel 87 ne, ya fi ƙarar talabijin ɗin kowane gida mai hankali.

Yadda ake rage ƙarfin, da bambancin hanyoyin

A cikin amfilifayarka akwai sashe biyu. Na farko yana da ƙananan bawul, kusan kullum 12AX7, su ne suke karɓar raunannen sautin jita su gina shi. Na biyu yana da manyan bawul, irin su EL84, 6V6, 6L6 ko EL34, su ne suke tura ƙarfi ta cikin taransifomar fitarwa zuwa lasifika. Maɓallin Gain yana matsa wa sashe na farko, Master kuma yana zaune kafin manyan bawul, yana ƙayyade yawan abin da zai isa gare su. Kowane sashe yana da nasa kaushin. Na ƙananan bawul siriri ne, matsattse, ana samunsa ko da an yi ƙasa da Master sosai. Na manyan bawul ya fi kauri da taushi, yana bin nauyin hannu, in ka taɓa a hankali ya yi tas, in ka daka ya yi gurnani. Wannan na biyun ne masu jita suke nema, kuma ba ya zuwa sai manyan bawul sun kai ƙurewa. Makunnin rage ƙarfi an yi shi ne don a kai wannan ƙurewar ba tare da an fasa kunne ba. Kamar ka sauya babbar tukunya da ƙarama ne a kan wuta ɗaya, ta fi saurin tafasa ta yi ambaliya.

Hanyoyin da kamfanoni suke bi ba ɗaya ba ne, kuma amsar tambayarka ta daɗewar bawul ta dogara ga wadda aka bi a taka.

Akwai hanyar da ake rubuta wa Pentode da Triode. A nan ana sauya yadda aka haɗa cikin bawul ɗin ne, sai ƙarfinsa ya sauko zuwa kusan rabi. Ragin ƙarar kaɗan ne, desibel 3 ko ɗan sama da haka, amma launin sautin yana canjawa sosai: kaifin sama ya dushe, bugun farko na tsirkiya ya yi laushi. Wasu suna son haka don waƙoƙi masu sanyi. Irin wannan makunnin ba a juya shi amfilifaya tana cikin aiki. A mayar da ita Standby, wato makunnin da yake yanke babbar wutar bawul ya bar su da ɗumi, a jira daƙiƙa kaɗan, a juya, sannan a dawo, domin ɗaruruwan bolt ne suke bi ta cikinsa, kuma tartsatsin da yake tashi a ciki yana cinye haƙoran makunnin a hankali.

Akwai hanyar rage wutar da ake ba manyan bawul. A maimakon bolt 300 zuwa 450 da suka saba sha, sai a sauko da ita ƙasa. Marshall ta bi wannan hanyar a jerin Origin. A nan bawul ɗin suna aiki cikin sanyi, ba sa gajiya da wuri, sautin kuma yana saurin kaushi, ya yi taushi a hannu.

Sai atenuweta, wato na'urar da ake sawa tsakanin amfilifaya da lasifika. Ita ba ta hana bawul aiki ko kaɗan. Tana barin amfilifaya ta fitar da ƙarfinta duka, sai ta shanye mafi yawansa ta mayar da shi zafi, ta bar wa lasifika ɗan kaɗan. Wasu amfilifayoyi da ita suke zuwa a ciki, kamar Hughes & Kettner TubeMeister 18 mai 18, 5, 1 da shiru gaba ɗaya. Wasu kuma akwati ne daban ake saya, irin su THD Hot Plate, Bugera PS1 ko Two Notes Torpedo Captor. Idan taka irin wannan ce, kuma ka sa ta a wat 1 ka murɗe Master har ƙarshe, to bawul ɗinka aikin wat 20 cur suke yi, kamar kana tsakiyar fili, wat 19 kuma suna ƙonewa a cikin resista a bayan akwatin. Mai irin wannan amfilifayar da yake yin awa biyu kullum a haka ya fi wanda yake fita wasa sau ɗaya a mako saurin cinye bawul. A teburin gyara, abin da aka fi samu a irinsu shi ne dalmar da ta tsattsage a ƙafafun manyan resista saboda zafi da sanyi, zafi da sanyi, sai sauti ya riƙa yankewa yana dawowa.

Tunda amfilifayar ba a gabana take ba, ka nemi littafinta a intanet da lambar samfurin da ke jikin bayanta. Za ka kuma iya gwadawa da kanka. Saita sautin da yake dab da fara kaushi a wat 20, kada ka taɓa kowane maɓalli, ka sauko zuwa 5. Idan yawan kaushin bai canja ba, ƙara kawai ta ragu, kuma bayan minti 15 na wasa ka ji wani gefe na bayan akwatin ya yi zafi fiye da yadda ya saba, atenuweta ce. Idan kuwa kaushin ya ƙaru a fili, sautin ya yi laushi, wutar bawul aka rage.

Amsar dai ita ce: in ba a mai rage wutar bawul ba, lambar da makunni yake kai ba ita take tsawaita ran bawul ba, yawan matsin da kake yi musu ne. A kowace hanya, Master a ƙasa hutu ne gare su. Kuma kada ka sa ran wat 1 zai rage maka shan man janareta ko batirin inbata yadda za ka lura. Kowane bawul yana da zaren dumama a ciki mai shan bolt 6.3 muddin amfilifaya tana kunne: EL84 yana jan amfiya 0.76, EL34 yana jan 1.5, 12AX7 kuma 0.3. Wannan ba ya raguwa ko ka sa ta a wane mataki.

A ɗaki

Nan ne nake saɓa wa abin da aka saba faɗa, wai a ɗaki sai wat 1. Idan tsaftataccen sauti kake so, irin na hailaif da waƙoƙin yabo, wanda kowace tsirkiya take fita garau, ba dole ba ne ka sauko wat 1. Bar ta a 20, ka yi ƙasa da Master. Manyan bawul suna hutawa, sautin yana da sarari, ƙasansa a cike. Dalili biyu ne kawai za su sa ka sauko. Na farko, a amfilifayoyi da yawa Master ba ya da sassauci a farkonsa, daga shiru sai tsawa tsakanin lamba 1 da 2, to saukowa wat 1 yana ba ka filin murɗawa har 3 ko 4. Na biyu, in atenuweta ce, tana rage huci da gunjin da amfilifaya take yi ita kaɗai, wanda cikin dare ya fi damun mutum.

Idan kuma kaushi kake so a ƙarar da ba za ta ta da ɗan maƙwabci daga barci ba, gaskiya ba za ka same shi daga manyan bawul ba, ko a wat 1. Samo shi daga Gain, ko daga fedar kaushi, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, a gaban amfilifaya. Sa makunni a 1, Gain wajen 6 ko 7, Master daga sifili ka ɗaga sannu har inda za ka iya yin magana a kansa ba tare da ka ɗaga murya ba. Maɓallin ƙarar jitar kanta ka bar shi a 7, in kana son ƙarin gurnani ka buɗe shi zuwa 10.

Za ka ji sautin ya yi siriri, kamar an kwashe masa ƙasa. Ba laifin na'ura ba ne. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙananan sautuka masu kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Ƙari a kan haka, amfilifayoyi da yawa suna da ƙaramar kafasita a jikin maɓallin Volume ko Gain wadda take barin kaifin sama ya wuce idan maɓallin yana ƙasa, shi ya sa sautin yake tsini. Maganinsa ka ƙara Bass da lamba 1 ko 2, ka rage Treble da Presence, in akwai makunnin Bright ka kashe shi. Amma ka rubuta saitin ɗaki daban, na coci daban, domin Bass ɗin da ya yi daɗi a ɗaki zai zama laka a cikin ƙungiya.

Inda ka ajiye akwatin ma yana da tasirin da ya kai na makunni. A ƙasa kan siminti, jingine da bangon da ya raba ka da maƙwabci, kaurin sautin ta cikin gini yake bi ya isa ɗakinsa, kai kuma lasifikar gwiwoyinka take kallo, sai ka riƙa ƙarawa don ba ka ji. Ɗora shi a kujera, ka shimfiɗa bargo ninki biyu a ƙarƙashinsa, ka janye shi daga bango kamar taku biyu, lasifikar ta fuskanci kunnenka a tazarar mita 1. Da wannan kaɗai za ka ga ka rage Master da kanka.

Idan amfilifayarka tana da ramukan Send da Return, inda sauti yake fita ya dawo tsakanin sashe na farko da na biyu, kuma sautin duka ta cikinsu yake bi, za ka iya sa fedar ƙara ko ɗan akwati mai maɓalli ɗaya a tsakaninsu. Master na biyu ne mai sassauci, ba wani abu ba, amma yana magance matsalar tsallen nan daga shiru zuwa tsawa. Wannan akwatin na Send da Return ne kawai. Wanda ya kuskura ya sa shi a layin lasifika ya ƙona shi, wataƙila har da taransifoma.

Wani abu da ba na wasa da shi: kada ka zare wayar lasifika don ka yi shiru. Amfilifaya mai bawul dole ta ga kaya a bakin taransifomarta. In ta yi aiki babu lasifika, wutar tana komowa ta yi tsalle a cikin naɗin taransifomar ta huda shi, kuma wannan ce ɗaya daga cikin kayayyaki mafi tsada a cikinta. Yi amfani da abin sawa a kunne kawai in akwai raminsa a jikinta, ko makunnin kashe lasifika da kamfanin ya sa da kansa. Akwai kuma iyakar da ya kamata ka sani tun yanzu. Wani ɓangare na daɗin amfilifayar da aka buɗe daga motsin takardar lasifika yake zuwa, da iskar da take bugun jikin jita ta sa sauti ya daɗe bai mutu ba. Babu makunnin da zai ba ka wannan a desibel 75.

A coci da wurin biki

Abin da ya faru da kai a wat 5 a bayyane yake. Ganguna in ana dukansu da ƙarfi suna haura desibel 100 a kusa da su. Kai kuma iyakarka 104, kuma wannan iyakar ta ƙurewa ce, ba ta tsaftataccen sauti ba. Bugun farko na tsirkiya yana bukatar ƙarfi ninki da yawa a kan sauran sautin da yake biyo baya. In babu rarar ƙarfi, bugun nan ne yake fara yankewa, kuma shi ne yake sa a ji jita a cikin taro. Sai ka ƙara Master, ƙara ba ta ƙaru ba, kaushi ne kawai ya ƙaru, ka nutse a ƙarƙashin faifan ganguna da kibod.

Don haka ƙa'idar da nake bi ita ce: in aikinka a ƙungiya tsaftataccen sauti ne, kuma babu makirfo a gaban amfilifaya, sa ta a 20 ka daidaita da Master. Wat 5 na wanda aka sa wa makirfo ne, ko wanda yake son ɗan gurnani a ƙaramin zaure, ko ranar da ake wasa da ganguna marasa ƙarfi.

Ka gwada sauti tare da mai ganguna, ka roƙe shi ya daka yadda yake yi a tsakiyar waƙar da ta fi zafi, ba yadda yake taɓawa kafin mutane su shigo ba. Fara a 5. Kaɗa haɗin tsirkiya shida da nauyin hannunka duka. In ya fita tas kuma kana jin kanka, zauna a nan. In ya dagule, koma Standby, hau 20, rage Master, sake gwadawa. Sannan ka bar ɗan rara, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, zauren da ya yi amo a wofi zai yi mutus in ya cika. Rage Bass zuwa 3 ko 4, ka bar wa mai bes da hannun hagun mai kibod wurinsu, ka ɗaga Middle zuwa 6 ko 7. Sau da yawa wanda yake kukan ba a jin sa Middle ne ya rasa, ba wat ba.

Hanyar da ta fi kyau dai ita ce makirfo. Shure SM57 ko makamancinsa, a tazarar yatsa biyu daga ƙyallen gaban akwati, a saitin inda ƙaramin murfin tsakiyar lasifika ya haɗu da takardar. In ya yi tsini, matsa shi zuwa gefe kaɗan, in ya dushe, matsa shi tsakiya. Haska fitilar waya ta cikin ƙyallen za ka ga wurin. Amfilifayar kuma ka karkato ta sama tana kallon kanka, ba layin gaba na masu ibada ba, domin kaifin lasifikar jita a miƙe yake tafiya, wanda yake saitinta shi yake shan azaba, mai kaɗawa a gefe yana cewa a ƙara. Da makirfo, wat 5 ya ishe ka jin kanka, mai miksa ya kai ka sauran zauren. In akwai ramin XLR a bayanta mai kwaikwayon lasifika, wanda ake haɗawa kai tsaye da miksa, shi ma zai yi.

A bikin fili kuwa, babu bango da zai dawo da sauti, kuma duk lokacin da tazara ta ninka ana asarar desibel 6. Wat 20 ɗinka 110 ne a mita 1, 98 a mita 4, 86 a mita 16, ga hayaniyar jama'a da ta janareta. A nan cikakken ƙarfi da makirfo duka biyu kake bukata.

Batun zare bawul

Kai kada ka yi. Amfilifayar wat 20 galibi manyan bawul biyu gare ta, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja, kowanne da rabin aikinsa. Ka zare ɗaya, sautin ya lalace, taransifoma ta sha wahala.

Abokinka mai bawul huɗu yana iya yi, amma da sharuɗɗa. A zare biyun tsakiya ko biyun gefe, wato ɗaya daga kowane ɓangare, ba biyu daga ɓangare guda ba. A sauya makunnin om, wato wanda ake daidaita amfilifaya da lasifika da shi, zuwa rabin na akwatin lasifika: akwati mai om 16 a sa amfilifaya a 8, mai om 8 a sa ta a 4. Kuma wannan na amfilifayar da ake saita mata bayas (yawan wutar da bawul yake ja in ba a kaɗawa) da wuta ta daban ne, irin manyan Marshall na wat 100. A irin Vox AC30, inda EL84 huɗu suke tarayya a resista ɗaya, in ka zare biyu sauran biyun za su ja wuta fiye da kima su yi ja. Bayan duk wannan wahalar, desibel 3 kawai ya rage. In ƙara ce damuwarsa, atenuweta ta waje ta fi masa, mai om daidai da akwatinsa, wadda aka rubuta mata ƙarfin da ya fi na amfilifayar da rata mai kyau, domin amfilifayar wat 100 da aka ƙure tana wuce 100. A haɗa ta da wayar lasifika mai kauri, ba wayar jita ba, a ajiye ta inda iska take ratsawa. Ragin desibel 3 zuwa 6 ba ya taɓa sauti sosai, amma in an wuce 12, musamman a masu resista zalla, sautin yana dushewa. Sauya lasifika ma hanya ce da ake mantawa: daga mai desibel 100 zuwa mai 94 daidai yake da raba wat gida huɗu.

Wuta, janareta da ɗaukar kaya

Tunda ta hannu ka saya, fara duba rubutun da ke kusa da ramin wayar wuta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, suna bukatar taransifomar saukar da wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta amfilifayar tana sha.

Ka riƙe ƙaramar mita a jakar jita. In wutar gari ta faɗi zuwa 190, zaren dumama yana samun kusan bolt 5.2 a maimakon 6.3, wutar manyan bawul ma ta ragu, sai wat 5 ɗinka ya koma ƙasa da haka, sautin ya yi sanyi ya yi saurin dagulewa. Mutane da yawa suna zargin bawul ko makunni, alhali soket ne. In kuma ƙaramin janareta ya yi sama zuwa 260, zaren yana shan sama da bolt 7, wannan kuwa yana rage ran bawul kai tsaye. Sitabilaiza mai kyau tana rufe wannan ɓaraka. Kada ka kunna amfilifaya sai janareta ya daidaita an gama ɗora masa sauran kaya, kuma ka kashe ta kafin a sauya layi daga janareta zuwa wutar gari. In inbata ce, mai tsaftatacciyar wuta ake so, mai arha tana sa taransifoma gunji da zafi. Ƙafa ta uku ta filogi kuma, wadda take kai wuta cikin ƙasa don kariya, kada ka yarda a karya ta don ta shiga soket, domin tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da jikin amfilifaya, leɓenka kuma yana kusa da makirfo.

Wajen kunnawa, Power tukuna, a jira daƙiƙa 30 zuwa minti 1, sannan Standby. Lokaci zuwa lokaci ka leƙa bayanta cikin duhu. Ɗan haske ruwan lemo a tsakiyar bawul daidai ne, shuɗin haske a jikin gilashi ma ba matsala. Amma in babban farantin ƙarfen da ke ciki ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. In tabon azurfa da ke jikin gilashin ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ɗin ya mutu. Fis in ya ƙone a sa irinsa daidai, lamba da nau'i, ba a naɗa masa waya, kuma in na biyu ya sake ƙonewa a kai wa mai gyara. Kada ka buɗe cikinta da kanka, kafasitocinta suna riƙe bolt 300 zuwa 500 ko bayan an zare filogi.

Bayan an tashi daga wasa, ba ta minti 10 ta huce kafin a ɗora ta a keke, domin ƙarafan cikin bawul sun fi rauni suna da zafi, kuma girgizar hanya ita take sa su fara ƙarar ƙararrawa daga baya. Lokacin hunturu ka rufe ta da zane in ba a aiki da ita, ka riƙa share ƙurar ramukan iska da busasshen buroshi, musamman in mai atenuweta ce a ciki. Bawul ba a ko'ina ake samunsu ba, masana'antun da suke yin su yanzu kaɗan ne, galibi a Sulobakiya da Rasha da Sin, don haka ka yi odar manyan biyu da aka auna suka dace da juna tun kafin naka su gaji, da 12AX7 ɗaya da fis biyu. Ranar da za a sa sababbin manyan, ka tambayi mai gyaran ko samfurinka yana bukatar saitin bayas, in yana bukata a auna shi makunni yana kan wat 20.